Rahoton ayyukan shekara ga mambobinmu masu kula da binciken ciwon daji

Assalamu alaikum 'yan uwa, likitoci, sistoci, ma'aikatan lab da malaman jami'a da ke cikin wannan ƙungiya tamu. Ga rahoton abin da muka yi bana, ku daure ku karanta har ƙarshe don Allah, akwai abin da muke so ku yanke a taro mai zuwa.

Ga sababbin shigowa, aikinmu dai shi ne mu tsaya tsakanin asibiti da jami'a, abin da farfesa ya gano a lab ya isa gadon mara lafiya, abin da likita ya gani a gado kuma ya koma lab a matsayin tambaya. Mu ne masu bin takardar kwamitin ɗa'a, masu lissafin kuɗin tallafi, masu kiran taro, masu tunatar da kowa ranar miƙa rahoto. Alƙaluman GLOBOCAN, wato ƙididdigar ciwon daji ta duniya, na 2022 sun ce sama da mutum dubu 127 ne suka kamu da ciwon daji a Najeriya a shekara ɗaya, kusan dubu 80 suka rasu, kuma sankarar mama ce kan gaba. To shi ya sa bana muka fi maida hankali a kanta.

Babban aikin da ya ci mana lokaci shi ne maganar naman da ake cirowa a tiyata. Duk wanda ya yi aiki a asibitocinmu ya san yadda abin yake, a ciro ƙari daga maman mace, a sa a roba, a ɗaure a leda a miƙa wa mijinta ko ƙaninta a ce ya kai lab, shi kuma bawan Allah kuɗin gwajin bai cika ba sai ya tafi da robar gida ya ajiye a ƙarƙashin gado har sai ya sayar da akuya, wani lokacin ma fomalin ɗin da aka zuba, wato ruwan da ke hana naman lalacewa, bai rufe shi ba. Ƙa'idar ita ce naman ya shiga fomalin kafin awa 1 da cirowa, ruwan ya ninka naman kamar sau 10, in ƙarin babba ne a tsaga shi don ruwan ya ratsa ciki, sannan ya zauna tsakanin awa 6 zuwa 72. In aka saɓa wannan gwajin ER da PR da HER2, wanda ke nuna irin maganin da ciwon zai ji, zai iya fitowa da ƙarya, a ce wa mace ciwonta ba ya jin maganin homon alhali yana ji, ta rasa tamoxifen, ƙwaya mai sauƙin kuɗi da za ta iya ƙara mata shekaru. Kuma binciken da aka gina a kan irin wannan naman shi ma ya lalace tun daga tushe, komai kyan turancin da aka rubuta shi da shi. Wallahi wannan abu yana ci mana tuwo a ƙwarya.

Abin da muka yi shi ne wata 'yar takarda da ake mannawa a jikin robar, sistar tiyata ta rubuta lokacin da aka ciro, da lokacin da aka sa fomalin, mai karɓa a lab shi ma ya rubuta nasa. Mambobinmu sun zauna da sistocin tiyata a wuraren aikinsu sun yi musu bayanin dalili, domin in mutum bai san me ya sa ba to cika takarda zai ɗauke ta ƙarin wahala kawai. A wasu wuraren an daina ba dangi robar gaba ɗaya, masinja ne ke kaiwa. A wasu kuma har yanzu ana ja, an ce babu ma'aikaci, muna nan muna bi.

Na biyu, takardar amincewa da mara lafiya ke sa wa hannu kafin a sa shi cikin bincike. Mun rubuta ta da Hausar da tsohuwa daga ƙauye za ta gane in an karanta mata, muka gwada a kan iyayenmu mata a gida kafin a kai wa kwamitocin ɗa'a. Tambayar da aka fi yi ita ce ina za a kai naman, kuma wa zai ga sunana. Amsar dole ta zama gaskiya, musamman yanzu da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 take aiki, kuma nama ba ya fita daga asibiti zuwa wata jami'a sai da rubutacciyar yarjejeniya.

Mun kuma yi karatu ta Zoom kan REDCap, manhajar tattara bayanan bincike, da kan tsara kasafin tallafi, wanda bai samu ba faifan yana guruf ɗinmu na WhatsApp. A ɗaya daga cikin zaman mun duba yadda ARGO ta tashi, wato haɗin gwiwar binciken ciwon daji da Dakta Isaac Alatise na Ile-Ife da Dakta Peter Kingham na asibitin Memorial Sloan Kettering a Amurka suka kafa a 2013, har asibitoci da dama suka rinƙa tattara bayanan sankarar hanji da tsari iri ɗaya. Irin wannan muke fata mu ga tsakanin Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri, tunda ga NICRAT, cibiyar bincike da maganin ciwon daji ta ƙasa, ma ta fara aiki a 2023, akwai inda za a kai kuka.

Inda muka samu cikas shi ne firiza. A wani asibiti wuta ta ɗauke a ƙarshen mako, janareta babu mai, firizar da ya kamata ta tsaya a digiri -80 ta narke, jinin da marasa lafiya suka bayar da zuciya ɗaya duk ya tashi a banza. Shawararmu ita ce kada wani mamba ya sake sa hannu a kasafin da babu kuɗin batir da sola da ƙararrawar firiza a ciki, ko da ranka ya daɗe shugaban bincike ya ce a cire.

Ma'aji zai karanta bayanin kuɗi da kansa, amma masu bashin kuɗin wata don Allah a biya. Abin da za ku yanke a taron shi ne ko mu rubuta wa shugabannin asibitoci da jami'o'i wasiƙa ɗaya muna neman a mayar da mai kula da bincike ma'aikaci na dindindin, domin bana ma ƙwararrunmu sun tafi bayan tallafinsu ya ƙare. Daftarin yana guruf, kowa ya karanta ya turo gyara kafin ranar.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Sakatare