Wasiƙa Kan Alƙaluman Ruwan Sama

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya, kuma sanyin can bai takura muku ba. Na san shiruna ya yi tsawo, kuma abin da ya riƙe ni shi ne aikin alƙaluman ruwan saman nan da muka tattauna kafin tafiyarka, wanda sai a makon jiya Allah ya nuna mini bakin zarensa.

Ka tuna rajistar tashar awon ruwan saman nan da na kwafe da hannu, daga 1971 zuwa 2000. Da na shigar da ita manhajar ƙididdiga ta R, na nemi umarnin fitdist na cikin kunshin fitdistrplus ya ɗora mata rarrabuwar gamma, wato wani tsarin lissafi mai bayyana yadda adadi ke bazuwa daga ƙanana zuwa manya, sai ya ƙi ƙememe. Laifin ba na manhajar ba ne, domin mafi yawan ranakun shekara a ƙasarmu ba a ruwa, adadinsu sifili ne, lissafin kuwa yana buƙatar logaridim na kowane adadi, kuma sifili ba shi da logaridim. Ɗalibin nan naka mai gaggawa ya ce in ƙara 0.1 a kan kowane sifili, amma ban yarda ba, saboda ranar da gari ya wuni a bushe ba ɗaya take da ranar yayyafi ba, kuma manomin da ke jiran shuka ya fi kowa sanin haka.

Mafitar ita ce raba tambayar gida biyu, kamar yadda masu bincike Stern da Coe suka yi a 1984. Da farko a tambaya ko an yi ruwa yau, bisa la'akari da ko an yi jiya, wato sarƙar Markov, sannan a ɗora gamma a kan yawan ruwan da aka samu a ranakun da aka yi ruwan kaɗai. Da na yi haka, zanen Q-Q, mai kwatanta alƙaluman da hasashen rarrabuwar, ya miƙe, alamar sun dace, har na kira Hajiya ta gani.

Sai dai abin da ke damuna yanzu yana cikin rajistar kanta. Adadi kamar 5 da 10 da 20 sun yi yawa fiye da kima, alamar mai awon yana cike lissafi da ido, kuma ranakun Litinin suna ɗauke da ruwa mai nauyi bayan Asabar da Lahadi marasa komai, wanda ina kyautata zaton tarin kwana uku ne aka rubuta a layi ɗaya. Gwajin Kolmogorov-Smirnov, mai duba ko rarrabuwa ta dace da alƙaluma, yana gargaɗi kan maimaituwar adadi, kuma ko ba wannan ba, hukuncinsa ba abin dogaro ba ne idan daga alƙaluman da ake gwadawa aka ƙiyasta ma'aunan rarrabuwar. A ma'aunin AIC, da ake zaɓen rarrabuwa mafi dacewa da shi, gamma da rarrabuwar Weibull sun zo kusan kunnen doki, rarrabuwar lognormal na biye da su, amma a wutsiyar rarrabuwar, inda mamakon ruwa yake, lognormal tana hasashen ruwan da ya zarce na sauran nesa ba kusa ba. Wutsiyar nan kuwa ita injiniya zai duba ya yanke faɗin kwalbati, shi ya sa na kasa barin kwamfuta ta zaɓa mini. Ga kuma farin 1973 da na 1984 a tsakiyar shekarun, waɗanda ke sa ni shakkar ko rarrabuwa ɗaya za ta wadatar da shekara talatin ɗin gaba ɗaya.

Don Allah ka ba ni shawara kan ranakun Litinin ɗin. Shin in cire su, ko in ɗauke su a matsayin adadin da iyakarsa kawai aka sani, in bi da su ta fitdistcens, umarnin da aka tanada don irin wannan adadi? Na fi karkata ga na biyun, amma ba zan taɓa su ba sai na ji daga gare ka.

A gaishe mini da uwargida da yara.

Naka aminin,
daga Zariya