Wasiƙar godiya ga masu wankin jiragen ruwa na bakin ruwan Apapa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga maigidan wurin wanki da gyaran jiragen ruwa da ke kusa da tashar jiragen ruwa ta Liverpool a Apapa, Baba dattijonmu ɗan Yawuri, da yaran aikinsa baki ɗaya. Na rubuto wannan a fili ne domin 'yan uwanmu masu jirage a Legas su ji, don abin da kuka yi mini ya wuce godiyar baki.

Jirgina na alminiyam ne, da shi nake tsallakar da buhunan albasa, wake da shinkafa zuwa ƙauyukan tsallaken ruwa irin su Sagbokoji da Igbologun. Duk mai bin wannan hanya ya san ruwanta: gishirin teku na shigowa, ga baƙin mai daga manyan jirage, ga shara. A hankali jikin jirgin ya yi wani farin gari kamar alli, kana shafawa ya biyo hannunka. Daidai inda ruwa yake tsayawa wani zane mai ruwan ƙasa ya zagaye shi, ƙasan kuma ƙananan halittun ruwa masu ɓawo sun manne. Wasu masu wanki sun taɓa dirje shi da sodar yin sabulu da soson ƙarfe. Ya yi ƙyalli na ɗan lokaci, daga baya ya dushe, ɗigo-ɗigon tsatsa suka fito. Shawarar da na yi ta samu ita ce in lafta masa fenti kawai.

Baba, ba ka yi maganar kuɗi ba sai da aka jawo jirgin kan tudu ka zagaye shi. Ka sa babban yatsa ka murza farin garin, ka ɗauko tocila ka bi layin walda, sannan ka sa aka ɗaga katakon ƙasa. A can cikin ruwan da ya kwanta ka tsinto guntayen wayar tagulla da wani mai gyaran lantarki ya bari. Ƙarƙashin kowanne akwai ɗan rami. Ka ce mini, "Ɗana, farin da ke waje ba shi ne ciwon ba. Ga ciwon nan."

A nan na fahimci lamarin. Alminiyam da kansa yake yin wata siririyar fata idan iska ta taɓa shi, ita ce take kare shi. Soda tana cinye wannan fata har da ƙarfen. Soson ƙarfe kuma yana barin ɓurɓushinsa a jiki, shi ne yake yin tsatsar da nake gani, tunda alminiyam ba ya jar tsatsa. Mafi haɗari shi ne idan tagulla ta haɗu da alminiyam a cikin ruwan gishiri, sai su zama batir, kuma alminiyam ɗin ne yake narkewa. Fentin ƙasan jirgi da aka fi sayarwa yana da tagulla a ciki, da na bi waccan shawara da jirgin ya huje a ƙarƙashin fenti ba tare da kowa ya gani ba. Ka gaya mini haka alhali fentin ya fi wanki kawo maka riba. Wannan shi ne ya fi tsaya mini a rai.

Aikin kansa abin kallo ne. Da sassafe yaran aikin suka fara kafin ƙarfe ya ɗau zafi. Suka kankare ɓawon da abin kankara na roba, suka wanke mai da sabulu da ruwan famfo. Sannan aka kawo asid mai sauƙi da aka sirka da ruwa, aka fara gwada shi a wani lungu. Yanki-yanki suke shafawa, daga ƙasa zuwa sama don kada ya zubo ya bar zane, ba sa bari ya bushe, wani na gogewa da soson roba wani na biye da tiyo yana ɗaurayewa. Na ga zanen nan mai ruwan ƙasa yana sakin jikin jirgin da idona. Kowane yaro da safar hannu da tabarau, kuma Baba ya ce ba ya shigo da asid mai ƙarfin nan da ke haskaka ƙarfe nan take, saboda yana ratsa fata har ƙashi. Maigidan da ke tausayin hannun yaransa haka, ni dai na yarda da shi.

Sun cike ramukan da walda, sun raba kusoshin wani ƙarfe da jikin jirgin da wosha ta roba, sun ɗaure wayoyin batir. Dunƙulen tutiya da ake ɗaurawa a ƙasa don ruwa ya ci shi maimakon jirgin ya riga ya ƙare, suka sa sabo, aka ja mini kunne kada a shafa masa fenti, kuma a canza shi idan ya cinye rabi. Kuɗin da muka yi magana tun farko shi na biya, ba a ƙara ko sisi ba.

Masu jirage na Apapa, Ijora da Ikorodu, idan jirginku ya fara wannan farin gari, ku kai shi wurin Baba kafin ku sayi fenti.

Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya albarkaci sana'ar, ya tsare yaranka a ruwa da tudu. A gaida kowa da kowa.

Wassalam,
Ɗanka, mai jirgin dakon kaya a Apapa, Legas.