Abin da Muke Sawa Tsakanin Kwano da Kawunanmu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku domin in yi magana a kan wani ɓangare na gini da ba a cika kula da shi ba, wato abin da ake sawa tsakanin kwanon rufi da ɗaki domin tare zafi. Mai gida yakan zuba kuɗinsa a kan tayil da fenti, amma idan aka zo kan silin sai ya ce wa kafinta ya sa duk wanda ya fi araha. Da bazara ake ganin sakamakon haka, lokacin da kwano ke shan rana tun hantsi, bulon siminti ya riƙe zafin har tsakar dare, iyali su kwashe tabarmi zuwa tsakar gida. Mai hali yakan kunna na'urar sanyaya ɗaki, amma tun Afrilun 2024 da aka ƙara kuɗin wutar rukunin Band A, wato unguwannin da aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kan kowace yunit a lokacin, wannan ma ta fi ƙarfin mutane da yawa, ga kuma hayaƙin janareta da maƙwabta ke shaƙa.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne silin na asbestos, wanda har yanzu yake cike da tsofaffin gidaje da makarantu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa kowane nau'insa yana haddasa sankara, musamman ta huhu, kuma cutar takan ɗauki shekaru 20 ko fiye kafin ta bayyana, shi ya sa kafintan da ya yanka shi da zarto yana saurayi ba zai danganta tarinsa na tsufa da wannan ƙurar ba. Tarayyar Turai ta haramta shi tun 2005. Mu kuwa idan aka rushe tsohon gida, sai a watsar da ɓaraguzansa a lungu, yara su riƙa wasa da su. Duk wanda zai cire shi ya jiƙa shi da ruwa, ya rufe hanci da baki, ya sauke shi ba tare da farfasawa ba.

Silin na roba, wato PVC, da farantan soso da ake sawa a bayansa, su ne ake yayi yanzu saboda ba su da nauyi kuma gara ba ta cin su. Soson yana tare zafi sosai. Sai dai daga man fetur ake yin sa, ba ya ruɓewa idan aka jefar da shi a kwata, kuma idan gobara ta tashi, shi da robar sukan narke su fitar da hayaƙi mai guba. Gobarar benen Grenfell a Landan a Yunin 2017 ta kashe mutum 72, kuma binciken hukuma ya gano cewa kayan robar da aka lulluɓe ginin da su ne suka ruruta wutar. A gidajen da ake kunna kyandir kuma wayoyin lantarki suke a tsufe, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Silin na POP ya fi aminci ta wannan fuska domin ba ya cin wuta, ko da yake shi kaɗai bai isa ya tare zafin kwano ba.

A ganina mun yi gaggawar raina laka. Ɗakin soro mai kaurin bango yana jinkirta shigar zafin rana, ƙasarsa a nan kusa ake haƙa ta, kuma idan ya rushe ƙasa yake komawa, alhali masana'antar siminti ce ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya. Na san soro yana buƙatar yaɓe kafin damina, na kuma san saran giginya domin azara ya yi wa dazuzzuka illa. Amma an samo hanyoyin kauce wa haka. A Nijar, tun shekarun 1980 ake koya wa magina rufin baka da na ƙubba da tubalin laka zalla ba tare da itace ba. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, masanin zanen gine-gine Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 da silin na tubalin laka, ya ɗaga kwanon sama da shi ya bar tazara domin iska ta riƙa kwashe zafin, kuma irin wannan aiki ne ya kai shi ga Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gine-gine, a 2022. Ɓuntun shinkafar da ake tarawa ana ƙonawa a bayan injinan casa na Kano da Kebbi ma bai kamata ya tafi a banza ba, domin zafi ba ya ratsa shi da sauƙi, kuma ana iya kwaɓa shi da laka.

Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idar gini mai tattalin makamashi a 2017. Ina kira ga hukumomin tsara birane na jihohinmu su riƙa duba rufi da silin kafin su amince da zanen gida, makarantun koyon sana'a su koya wa kafintoci da birkiloli barin tazarar iska a ƙarƙashin kwano da shafa masa farin fenti, sannan a tanadi wuri na musamman da za a riƙa binne tsohon asbestos.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Kano