Sanarwa: zaman Asabar kan yaran shago

Assalamu alaikum iyayen gida da ƴan'uwa teloli, barkanmu da aiki.

Za mu zauna Asabar mai zuwa bayan La'asar, a inda muka saba. Ƙorafi ya yi yawa kan yaran da muke koya wa ɗinki: yaro ya shekara a shago, amma ka miƙa masa almakashi da shadda sai hannunsa ya hau rawa, ya ce ba zai iya ba.

Marigayi Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam da ya koyar a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya yi rubutu kan wannan a 1977. Ya nuna cewa wanda ya yarda zai iya aiki ya fi saurin farawa, ya fi jurewa in ya kuskure. Abin da ya fi gina wannan yardar shi ne yaro ya gama abu da hannunsa, sai ganin sa'ansa ya yi, sannan ƙarfafa gwiwa da baki. Mu kuwa, gaskiya, tsawa muka fi iyawa.

Don haka kowa ya zo da yaro ɗaya, da ragowar yadi, da almakashi. Kafin ranar, a bar shi ya yanka wandon yaro shi kaɗai, ya zo da shi ko da ya karkace. Mai uzuri ya faɗa nan kafin Juma'a.

Allah ya ƙara buɗi, ya kai mu lafiya.

Sakatarenku