Mahaifiyarmu na son ganin bakin teku, ƙafa kuma ta ƙi

Assalamu alaikum Anti. Ina gaishe ki da aiki, ina gaida masu sauraron wannan shiri. Allah ya saka miki da alheri bisa yadda kike sauraron damuwar mutane ba tare da gajiya ba. Ina rubuto miki ne daga Nima, a nan Akra, kan wata tafiya ta yini ɗaya da ta so ta raba kan gidanmu tun ba a shiga mota ba.

Mahaifiyarmu, wadda muke kira Mma, ta haura saba'in. A zangon Cape Coast aka haife ta, kusa da kasuwar Kotokuraba, aure ne ya kawo ta Akra. Tana yarinya takan bi gwaggonta sarin kifi a Elmina da Moree, su kawo a yi banda. Bara waccan ta samu shanyewar ɓarin jiki na hagu, ga hawan jini ga suga. Alhamdu lillahi baki ya dawo, hankalinta garau, amma tafiya sai taku kaɗan, shi ma sai an riƙe ta. In za a yi nisa sai a keken guragu. Tun da ciwon ya same ta ba ta zuwa ko'ina sai asibiti wurin gashi. Kwanan nan ta fara cewa ba ta da wani buri da ya wuce a kai ta ta ga yadda kwalekwale ke shigowa Elmina da safe, ta shaƙi iskar teku, ta biya ta tsohuwar unguwarsu. Mma ba mai yawan roƙo ba ce, Anti. In kika ji ta maimaita magana, to abin ya daɗe yana cin ta.

Yayanmu yana zaune a Jamus, zai zo hutu da iyalinsa a watan Agusta. Da ya ji, nan take ya ce shi zai ɗauki nauyin komai, shatar mota da abinci da kuɗin shiga. Na ji daɗi ƙwarai. Sai dai da ya turo tsarinsa, gabana ya faɗi. Yana so a fara da gidan bayi na Cape Coast, wanda Obama ya ziyarta a 2009, daga nan a wuce dajin Kakum yara su hau gadar igiya da ke rataye a saman bishiyoyi, a dawo Elmina a shiga ɗaya gidan da Turawan Fotugal suka gina a 1482, in da sauran lokaci a tsaya Anomabo a hanyar dawowa. Ban ga laifinsa ba. 'Ya'yansa a can aka haife su, yana so su san tarihin ƙasar ubansu, kuma ba kullum yake zuwa ba. Amma da na tambaye shi ina Mma a cikin wannan tsari, sai ya ce ai za ta iya hutawa a mota ko a inuwa, a bar wani ya zauna da ita.

Wannan maganar ce ta hana ni barci. Na san wuraren nan. A gidan Cape Coast, hanyar shiga kurkukun maza gangare ne mai duhu, ƙasan ba daidai ba, mai ƙafa biyu ma sai ya lallaɓa. Ɗakin kayan tarihi da ɗakunan gwamna kuwa sai an hau matakala. Na Elmina shi ma haka, matakalunsa ƙunci gare su ga tsayi, kuma ƙaramar ganuwar St. Jago da ke kallonsa a kan tudu take. Kakum ba a ma maganarsa, sai an hau tudu a ƙafa kafin a isa gadar. Ke nan Mma za ta yini a kujerar mota tana jiran mutane su gama kallo, alhali don ita aka fara zancen tafiyar. Ita da ta ce teku take son gani, sai ta ƙare da kallon wurin ajiye motoci.

Ƙanwata kuma nata ra'ayin daban. Ta ce a bar Mma a gida kawai, a ɗauko mata bidiyo a waya, don hanyar ta fi ƙarfinta. Ba zan ce ba ta da hujja ba. Daga Akra zuwa Cape Coast kusan kilomita 150 ne, awa uku in hanya ta yi kyau, Elmina kuma tana gaba da kamar kilomita 12. Duk wanda ya san cunkoson motoci daga unguwar Malam zuwa Kasoa ya san awa ukun nan kan zama huɗu ko fiye. Mma kuwa in ta daɗe a zaune ƙafarta ta hagu kumbura take yi, hannun ma sai an tokare shi da filo, in ba haka ba ya zame ya rataya, kafaɗar ta yi ta ciwo har washegari. Shigar da ita mota ma aiki ne: sai ta juya baya ta zauna tukuna, sannan in ɗaga ƙafar da hannuna in shigar, don ba ta ɗaguwa da kanta. Saboda haka trotro, wato bas ɗin haya, ba ta cikin lissafi, matakinta ya yi tsayi. Ƙaramar mota ta fi mata, ta zauna a gaba, amma ƙaramar mota ba za ta ɗauke mu duka da keke ba.

Abin da ya fi damuna, wanda na kasa faɗa wa Yaya ɓaro-ɓaro saboda kunya, shi ne banɗaki. Mai suga ba ta daɗewa ba ta nema ba, kuma Mma ba ta iya tsuguno. A hanya akwai gidajen mai da wuraren hutawa wajen Winneba da Mankessim, amma wani banɗakin ƙofarsa ba ta cin keke, wani kuma sai an hau mataki biyu ko uku. Tun 2006 Ghana ta yi dokar masu buƙata ta musamman, aka ba gine-ginen jama'a shekara goma su gyara, amma duk mai tura keken guragu ya san yadda abin yake a ƙasa. Ina tunanin in tafi da kujerar bahaya mai naɗewa da babban zane na yin labule da buta da ruwanmu. Sai dai Mma mace ce mai kamun kai. Ta riga ta gaya mini, in har tafiyar za ta sa wani namijin da ba ɗanta ba ya ɗauke ta cak a gaban jama'a, to ta yafe. Na kuma san halinta, za ta iya ƙin shan ruwa yini guda don kada ta wahalar da mu, wanda kuwa haɗari ne gare ta.

Sai zancen rana. Masuntan Fante ba sa fita teku ranar Talata, don haka ranar bakin tafkin Benya na Elmina da kasuwar kifi sun fi sauƙin ratsawa da keke. To amma ranar ba za ta ga abin da ya kai ta ba. Sauran ranaku kuwa, musamman a Agusta da kifi ke yawa, wurin ba masaka tsinke: mata da manyan kwanoni a ka, ƙasa jiƙe da ruwan kifi, igiyoyi da taru ko'ina. Na yi tunanin a tsaya da ita a kan gadar da ta ratsa bakin tafkin, ko a filin gaban gidan bayin, inda ake hango kwalekwalen da tutocinsu suna shigowa ba sai an kutsa cikin kasuwa ba. Rairayi kam na cire shi daga raina. Mun taɓa gwadawa a bakin ruwa a nan Akra, ƙananan tayoyin gaba suka nutse, sai da muka juya keken muka ja shi da baya, ita kuma ta riƙe hannun kujera gam, tana salati. Asabar ma ina gudunta saboda motocin masu zuwa jana'iza, ga bikin Fetu Afahye na Cape Coast a Asabar ta farkon Satumba, gari cika yake yi.

Abin da zuciyata ta fi kwanciya da shi shi ne mota biyu. Mu fita bayan sallar asuba, lokacin da cunkoson ke fuskantar shigowa Akra, mu kuma muna fita. Mu tafi Elmina kai tsaye dukanmu, jikokinta su tsaya kusa da ita ta nuna musu da bakinta inda take sarin kifi. Daga nan Yaya ya kwashi yara su shiga gidan bayin, ni da Mma mu samu wurin da za ta miƙe ƙafa ta ci abinci ta sha magani a kan lokaci. Da azahar mu haɗu a zango mu yi sallah, ta gaisa da wanda ya rage cikin mutanensu, mu kamo hanya da sauran rana, don ba na son dare ya yi mana a wannan titi. Kakum da Anomabo a bar su sai wata rana da Mma ba ta ciki. Malaminmu ya ce nisan ya kai na kasaru, kuma tana da sauƙin yin sallarta a zaune, don haka ta wannan ɓangaren hankalina a kwance yake.

To Anti, ga inda na tsaya. Yaya shi ne babba, shi ne mai kuɗin, kuma mutum ne da in aka gyara masa tsari sai ya ga kamar an raina ƙoƙarinsa. Ta yaya zan gaya masa cewa rabin abin da ya tsara ba zai yiwu ba, ba tare da ya ji na hana 'ya'yansa ganin ƙasarsu ba? In faɗa masa zancen banɗakin ƙarara, ko in sa matarsa ta isar? Ita kuma ƙanwata, da take gani ganganci nake shirin yi, me zan ce mata? Ni ce ke kwana da Mma, ni ke mata wanka, na san abin da jikinta zai ɗauka, amma in wani abu ya faru a hanya ni za a kalla. Zan kai ta wurin likitanta kafin mu tsayar da rana, kuma in ya hana na haƙura. In bai hana ba fa, yini ɗaya ya isa, ko dai in dage a kwana a can ko da kuɗin zai ƙaru? Kuma in akwai cikin masu sauraro wanda ya taɓa kai tsoho mai keke Elmina ko Cape Coast, don Allah ya taimaka ya gaya mana inda ya tsaya a hanya da inda keken ya iya shiga.

Ina sauraron amsarki. Na gode.

Taki,
Mai sauraronki daga Nima, Akra