Ummi, ki rage labarin nan

Assalamu alaikum Ummina, ya karatu, ya sanyin Zariya? Na yi ta kiran wayarki ba kya ɗauka, to ga shi a rubuce tunda ke dai rubutu kike ganewa.

Auta ce ta faɗa min, kuma kar ki huce a kanta don ni na tsare ta da tambaya. Wai labarin da za ki tura gasar Hikayata ta BBC Hausa ya haura kalma 2,000, kuma kin rantse ko wasali ba za ki cire ba, wai in labari ya yi daɗi ba wanda zai tsaya ƙirga. Waye ya faɗa miki haka? Mutanen nan sun ce kalma 1,000 zuwa 1,500, ba su ce "ko abin da ya sawwaƙa" ba. Tun 2016 BBC Hausa ke yin gasar nan, tun Aisha Sabitu da ta fara lashewa har Amira Souley da ta zo daga Nijar ta ɗauka a 2022, duk mata ne masu abin faɗa kamar ke, kuma duk sun matse nasu ya shiga. Ke ce ta fi kowa labari?

Ni fa na yi makin takardun jarrabawa har idona ya mutu, na san abin da ke zuciyar mai dubawa. In aka jibge maka takardu tuli guda, ba mai kyau kake fara nema ba, wanda za ka ture gefe kake nema don kayan su ragu. Yaro an ce ya amsa uku ya amsa biyar, wallahi ko ya fi malaminsa iya rubutu biyun nan asara ce, jan biro kawai zan ja a kai in wuce, ina jin tausayinsa amma in wuce. Su kuma ɗaruruwan labarai ke shigo musu, sai an tace kafin a miƙa wa alƙalai, kina ganin mai tacewa zai karanta shafi shida don ya gano ke haziƙa ce? Lambar da ke ƙasan kwamfuta zai kalla. Ga shi kuma waɗanda suka yi fice a rediyo ake karanta su, shiri kuwa da mintocinsa, ba za a ture labaran duniya saboda Ummi ba.

Ban ce komai sai kin bi kamar makauniya ba. Yadda za ki buɗe labari, wa zai mutu wa zai rayu, ko ki bar ƙarshen a buɗe mutane su yi ta musu, wannan gonarki ce ba mai shiga. In tsohuwa ce ke magana a ciki ki bar ta ta yi Sakkwatancinta, ni ina ganin ba laifi in dai sauran rubutun daidaitacciyar Hausa ce, ki sa ƙ da ɗ da ɓ a inda suke, ki raba "ya ce" da "ta ce", ba irin rubutun da kike min a waya ba. Amma adadin kalma, ranar rufewa, da cewa kar a taɓa wallafa shi a wani wuri, waɗannan ba a ciniki. Ki buɗe ƙa'idojin bana ki karanta da idonki, kar ki dogara da na bara ko abin da wata ta ce a guruf.

Guruf ɗin nan ma shi ya hana ni barci. Auta ta ce kin fara sakin shi kaɗan-kaɗan a WhatsApp wai kina jin ra'ayin mutane. Ummi kina da hankali kuwa? Abin da kika saki ya fita, gobe ki gan shi a Facebook da sunan wata, ke da gasa kuma sai kallo. Sannan ta karanto min farkon. Matar da aka mayar gida da akwati ɗaya ranar kasuwa, mai tabo a haɓa. Ummi. Ko sunan unguwar ba ki canza ba. Kina tsammanin Goggo ba ta jin rediyo? Ita da ke kwana da shi a kunne? Shekara nawa muka yi muna lallaɓa maganar nan har aka samu ta dawo tana shiga gidanmu, kin san abin da Babanku ya haɗiye kafin a kai nan, ke kuma rana ɗaya ki kwashe ki kai wa duniya don a ce kin iya rubutu. Ƙagaggen labari suka ce, ƙagagge, ba tonon asirin dangi ba. Wannan taurin kan na san inda kika gado shi, kuma kin ga inda ya kai mai shi.

Za ki ce dama don Goggo nake so ki yanke, ƙa'ida fakewa ce. To ko da hakan ne, ƙarya na yi game da 1,500 ɗin? Kuma ni na fara saya miki littafi, ni na tare miki faɗa lokacin da ake cewa karatun ƙagaggun labarai ɓata yarinya yake, ba zan zo yau in karya miki alƙalami ba. So nake in ji an kira sunanki in yi guɗa har maƙwabta su leƙo.

Ki goge na guruf ɗin yau, in kuma ya riga ya yaɗu ki haƙura ki rubuta wani, kanki bai ƙare ba. In wannan ɗin dai za ki tura, ki cire tabon, ki canza garin, zancen kishiyar nan mai tsawo ma ba ya ƙara komai, za ki ga sama da 500 sun tafi ba ki ji ba. Ki turo min kafin ki tura musu, har yanzu jan birona yana nan. Kar ki bari sai daren rufewa, kin san halin netwok.

Na ba direba yaji da kuka da ɗan man shanu, ki je tasha ki karɓa ranar Asabar. Babanku bai san da maganar nan ba, kuma ba daga bakina zai ji ba. Ki kira ni.

Mamanki