Zuwa ga Baba Alhaji: Ba Amsa Nake Sayarwa Ba

Assalamu alaikum, Baba Alhaji. Ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma.

Ranar Lahadin da ta wuce, a wajen walimar saukar karatu a nan Aboabo, an miƙa maka lasifika don ka sa wa yara albarka, sai ka ɓige da maganata. Ba na wurin, amma kafin la'asar mutum uku sun turo mini muryarka ta WhatsApp, don haka ba ji-ta-ji-ta nake amsawa ba. Cewa ka yi: "A tambayi malamin nan mai tara 'yan jami'a a zauren gidan ubansa, koya musu yake yi, ko yi musu aikin yake yana karɓar kuɗi? Yaya mutum ɗaya zai ce ya san ƙididdiga, ya san tattalin arziki, ya san kuɗin kamfanoni, har da ilimin jini? Kuma lissafin riba dab da masallaci?" Aka yi dariya. Na ji muryoyin da na gane a cikin dariyar, har da ta wanda 'yarsa ke zama a tabarmata duk mako.

Kwana uku ina shawara da zuciyata. Hajiyata ta ce in bari, kai aminin marigayi mahaifina ne, kana cikin waɗanda suka raka shi makwancinsa a Tafo. Da a zaurenka ka kira ni ka tambaya, da a tsugune zan ba ka amsa. Amma a bainar jama'a ka jefo ta, kuma shirun da zan yi, mutanen zango za su ɗauka biri ne ya yi kama da mutum.

Cikin duk abin da ka faɗa, kalma ɗaya ce ta hana ni barci: yi musu aikin. Shekara 19 ina riƙe da alli a makarantar sakandare. Ɗaliban da suka bi ta hannuna suna nan a Kumasi, wasu a Tek, wato jami'ar kimiyya da fasaha ta garin, wasu a asibiti, wasu a rumfunan Kejetiya, ka tare kowanne ka tambaye shi ko ya taɓa ganin rubutun hannuna a takardar da zai miƙa wa malaminsa. Kuɗi kam ina karɓa, ban ɓoye ba: sidi 30 a wata kan kowane ɗalibi, wanda da kyar yake biyan wuta da alli, kuma kusan rabinsu sai su ce wata mai zuwa. In da amsa nake sayarwa, Baba, ai da kasuwata ta mutu tun ƙarshen 2022, lokacin da ChatGPT ya fito, kowane yaro ya samu mai ba shi amsa a aljihu. Ɗalibaina da amsar suke zuwa. Abin da ke kawo su shi ne ba su san ta ina aka biyo aka same ta ba, kuma ranar jarrabawa ba a shiga da waya.

Bari in nuna maka yadda dare ɗaya yake a zauren, tunda ba ka taɓa leƙowa ba.

Wata ɗaliba mai karatun aikin jinya ta zo da tambaya: miji AS, mata AS, wato kowannensu ya gaji ƙwayar sikila (S) ɗaya amma ba ya da ciwon, sun haifi 'ya'ya huɗu, me za a ce game da sikila? Ta amsa da ƙarfin gwiwa cewa ɗaya ne zai fito SS, wato mai ciwon, sauran ukun sun tsira, tunda littafi ya ce ɗaya cikin huɗu. Ban ce mata ta yi kuskure ba. Na aiki ƙanenta ya sayo goro, na ɗauko huluna biyu, na sa fari ɗaya da ja ɗaya a kowace hula. Wannan hular uba, waccan uwa, jan goro shi ne S. Na ce ta rufe ido ta zaro ɗaya daga kowace, wannan haihuwa ɗaya ke nan, sannan ta mayar ta sake. Zagaye na farko ja da ja suka fito sau biyu cikin huɗu. Ta ce in sake girgiza hular. Zagaye na biyu ko sau ɗaya ba su haɗu ba. Sai ta yi shiru tana jujjuya goron a tafin hannunta, can ta ce, "Ashe hular ba ta tuna abin da ta bayar ɗazu." Daga nan ita ta karɓi allin. Kowane ciki da nasa ɗaya cikin huɗu, don haka a tsira sau huɗu a jere, uku bisa huɗu ne ake ninkawa sau huɗu, ya ba da 81 cikin 256, kusan kashi 32 cikin ɗari. A samu mai sikila ɗaya tak, 108 cikin 256. A samu biyu ko fiye, 67 cikin 256, wato sama da iyali ɗaya a cikin kowane huɗu irinsu. Ni abin da na yi a daren nan, sayen goro ne da riƙe hula. In wannan ne yi wa ɗalibi aiki, to na amsa laifina.

Kuma wannan ba wasan takarda ba ne a garin nan. Tun 1995 aka fara gwada jarirai sabbin haihuwa a asibitin Komfo Anokye a ƙarƙashin jagorancin marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, kuma abin da aka gani shi ne kusan jarirai 2 cikin kowane 100 da cutar ake haifarsu. Mu nan ba S kaɗai gare mu ba, akwai C, wani nau'in gadon jinin daban, wanda ya yawaita a arewacin Ghana da Burkina Faso, inda kakannin da yawa daga cikinmu suka fito. AS ya auri AC, ɗaya cikin huɗu SC ne, shi ma ciwo ne. Kai kanka ka san gidajen da ake kwana ana danna wa yaro ƙafa da tawul mai ɗumi in sanyin hunturu ya shigo, ana cewa amosani ne ko sammu. Aure nawa ka tsaya a matsayin waliyyi? A cikin nawa ka ce a kawo takardar gwajin jini kafin a raba goro?

Wannan goron shi ne amsar tambayarka ta biyu. Ban taɓa cewa na san fanni huɗu ba. Ba ni da abin cewa a ɗakin gwaje-gwaje, ban taɓa riƙe littafin kuɗin kamfani ba. Lissafi na karanta, kuma tambayoyin da ake ba yaran nan a shekarun farko na jami'a, riga ce kawai suke sauyawa, jikin ɗaya ne. Lissafin da yarinyar ta yi da goro, shi ɗalibin ƙididdiga yake yi da kwabo ko da kayan masana'anta da suka fito da aibi. Shi kansa Gregor Mendel, wanda ya kafa harsashin ilimin gadon halitta a takardarsa ta 1866, ƙirga wake ya yi ta yi a lambu har ya ga cikin kowane huɗu, uku na fitowa da siffa ɗaya, ɗaya da wata siffar. Inda tambaya ta fi ƙarfina, cewa nake yi ta fi ƙarfina, in tura yaro wurin malaminsa.

Maganar riba ba zan daɗe a kanta ba, don na san kai ma ƙari ka yi da ita saboda miya ta yi daɗi. Ban ba kowa bashi ba, ban ce kowa ya ci ba. Ga irin abin da muke warwarewa: kamfani zai sayi inji sidi 100,000, injin zai riƙa kawo 40,000 duk shekara har shekara uku. Mai gaggawa zai tara ya ce 120,000, an ci 20,000. Amma kuɗin baɗi ba kuɗin bana ba ne. In farashin kaya yana tashi da kashi 25 a shekara, 40,000 ta farko 32,000 ce a yau, ta biyu 25,600, ta uku 20,480. Jimla 78,080. An yi asarar kusan 22,000 ana murna. Wanda ya zauna a Ghana a Disambar 2022, da hauhawar farashi ta kai kashi 54.1, ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kan wannan: sidi 1,000 da aka kulle a akwati shekara guda kafin nan, abin da take saya ya koma na wajen 650. Duk 'yar adashen da ta kwashi ɗauka ta ƙarshe a shekarar ta ji a jikinta. Kuma kai da ake kira rabon gado, ka fi ni sanin cewa addini bai tsani lissafi ba. Littafin aljabara da Al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, kaso mai yawa na cikinsa wasiyya ce da rabon gado.

Abin da ya fi ba ni mamaki, Baba, shekarun baya da wani kamfanin ajiya ya shigo zango yana alkawarin kashi 10 duk wata, ban ji an karɓi lasifika an tambayi halaccinsa ba. Layi aka yi, da manyan riguna. Da wani ya zauna da alli minti biyar, da ya ga cewa kashi 10 a wata yana mayar da sidi 1,000 ta zama sama da 3,100 a shekara, sai ya tambayi kansa wace sana'a ce a Kumasi take ninka jari sau uku, ba fari ba gobara. A watan Mayun 2019 Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin kuɗi 347 a rana ɗaya. Ba zan ambaci waɗanda suka yi jinya a gidajensu bayan nan ba. Ka san su, na san su, kuma na je gaishe da wasu.

Ruwa ba ya tsami banza, shi ya sa na yi ta tunanin me ya tayar da wannan tambaya yanzu, bayan shekara shida ana zama a zauren ba wanda ya tanka. Abu ɗaya na tuna. Kafin azumin bana wani saurayi ya zo mini da daddare bayan kowa ya watse, da kundin kammala digirinsa wanda babi na huɗu babu komai a ciki sai take, da ambulan mai kauri. Ya ce babba ne ya aiko shi, a cike masa alƙaluman, ko ma daga ina za su fito. Na ce ya zauna mu yi tare, mako shida zai ishe mu. Ya ce ba shi da mako shida. Na mayar masa da ambulansa. Ban faɗa wa kowa sunansa ba, ban faɗi na wanda ya aiko shi ba, yau ma ba zan faɗa ba. Na dai lura tun daga ranar akwai hannun da ya daina kama nawa da kyau bayan sallar Juma'a. Wataƙila sanyin tsufa ne.

Kuma tunda an buɗe bakin, bari in ƙarasa. Kullum a taro kuka muke yi an bar zango a baya, 'ya'yanmu ba sa samun gurbi, ba mu da likitoci, ba mu da akantoci. Yaran nan goma sha da suke zuwa wurina, a ƙasa suke zama, allon da nake amfani da shi ƙyauren tsohuwar ƙofa ne da na shafa wa baƙin fenti. In wuta ta ɗauke, fitilar waya muke haɗawa. Sau biyu na rubuta wa manyan unguwa ina roƙon a ba mu aron ɗaki ɗaya na makarantar Islamiyya da daddare, lokacin da ba kowa a ciki. Har yau ana duba maganar. Amma kuɗin rumfa da kujeru da masu kiɗa na biki ɗaya a layinku ya isa ya saya mana benci da littattafan shekara. Ban taɓa ɗaukar lasifika na tambayi wannan ba, saboda an koya mini girman manya, kuma cikin masu koya mini har da kai.

Muna zama Talata da Alhamis bayan isha'i. Kujerar mahaifina ta katako tana nan a kusurwar da ka saba samunsa, ba mai hawa, na sa an goge ta. Wannan makon tambayar AS da AC za mu yi, kuma hulunan suna nan. Farin goro akwai saura, sai dai ka taho mana da ja.

Ɗanka,
malamin zauren Aboabo, Kumasi.